Uwar Gulma a Minti Ashirin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman Hausa, musamman waɗanda aka ɗora wa nauyin ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantunsu.

Shekarata goma sha tara ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ba abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar yadda muke karantar da wasan kwaikwayo. Malami zai tsaya gaban allo da littafi guda ɗaya tal, wanda ya sha hannu har bangonsa ya fita, ya karanta maganar miji, ya karanta ta mata, ya karanta ta alƙali, duk da murya ɗaya. Daga nan sai ya rubuta jigo da salo da zubi da tsari, yara su kwafa, su haddace saboda WAEC da NECO. Ka tare yaro a hanya, zai zayyano maka jigon Uwar Gulma ba gargada, amma bai taɓa jin muryar Halima, tauraruwar wasan, ta fito daga bakin mutum ba.

Alhali ba don hadda aka rubuta waɗannan littattafai ba. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo jama'a suka fara jin su, kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, rubuta wasa yake yi ya ba ɗalibai su taka a gaban mutane. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, an yi shi ne don mutane su gani da idonsu abin da ƙazanta ke jawowa. Mu ne muka zo daga baya muka kulle su a kabad.

Na san amsar da za a ba ni: ba lokaci. Gaskiya ne, kuma na ɗanɗana. Shekarar da na fara riƙe ƙungiyar, na ɗauko Jatau Na Kyallu na ce sai mun yi shi daga bango zuwa bango ranar rabon kyaututtuka. Wata biyu cur yara suna hadda. Ranar taro ba a ba mu fili ba sai da aka gama jawabai, rana ta take, manyan baƙi sun fara duban agogo. Ba mu kai rabi ba aka kira azahar, jama'a suka tashi, kuma ba su dawo ba. Akwai wata yarinya da ba ta da magana sai a can wajen ƙarshe. Na same ta a bayan labule, ta ci kwalliya da zanen da ta aro, tana share hawaye da bakin mayafi. Mahaifiyarta daga ƙauye ta biya kuɗin mota don ta zo ta gan ta. Har yau abin yana damuna, domin laifina ne, ba na yarinyar ba, ba kuma na 'yan kallo ba.

Da shekara ta zagayo sai na faɗa wani kuskuren. Na zauna na taƙaita labarin da Hausata, na rubuta wa kowa abin da zai faɗa a gajarce. Ya yi gajere kam, minti goma sha biyar aka gama, sai dai miya ce ba gishiri. Habaici ya tafi, gatse ya tafi, karin maganar da tsofaffi ke jefa wa juna ta tafi. Yara suna magana kamar masu karanta sanarwa. A ranar na gane cewa labarin miji da mata da kishiya kowa na iya ba da shi. Abin da ya sa waɗannan littattafai suka daɗe ana karanta su shi ne yadda mutanen cikinsu ke sarrafa harshe.

To ga abin da na tsaya a kai tun daga lokacin, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa: a yanke fitowa, kada a taɓa harshen marubuci. Ka karanta littafin sau biyu ko uku, ka nemo rigima guda ɗaya da ke riƙe da shi, ka ɗauki fitowa uku ko huɗu da suka fi nuna ta, ka ajiye sauran. A cikin fitowar da ka ɗauka kana iya tsallake doguwar gaisuwa ko maimaici, amma duk maganar da ta rage ta zama ta mai littafin ce, kalma da kalma. A lissafina, shafi ɗaya na hira yakan ci kusan minti biyu a bakin yara, saboda haka shafi goma ya ishe ka.

Haka muka yi wa Uwar Gulma ta Muhammadu Sada. Muka tsaya kan Halima da mijinta Hayatu, muka ɗauki wuri uku: ɗakin aurenta, gidan iyayenta, da gaban alƙali. Giɓin da ke tsakani kuwa, wani yaro mai baki muka mayar sanƙira. Yakan fito da jarkar da yake bugawa a madadin kalangu, ya faɗi abin da ya faru a jimla biyu, ya koma. Kayan wasa duka ba su wuce tabarma biyu, da benci, da kwanon tuwo mai murfi, da fitilar ƙwai ba. Wanda ya fito a alƙali babbar rigar mahaifinsa ya aro, hannunta na jan ƙasa, muka naɗa masa rawani da farin mayafi. Mako uku muka yi muna gwaji a ƙarƙashin darbejiya bayan an tashi, minti arba'in kullum.

Wadda ta fito a Halima 'yar aji biyar ce, wadda shekara biyu tana ajina ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da kanta ta zo ta ce, "Malam, a gwada ni." A gwajin farko ko na kusa da ita ba ya jin ta. Sai na ce ta ajiye takardar, ta zauna kan tabarma, ta sa kwanon tuwo a gabanta, ta ɗauka dare ya raba, mai gida bai dawo ba, tuwo ya huce. Ta zauna shiru, ta buɗe murfin, ta duba, ta mayar, ta rage hasken fitila. Ba wanda ya koya mata wannan. Yaran da ke gefe suna surutu duk suka yi tsit. Ranar taro, da ta durƙusa gaban alƙali ta fara bayani, wata dattijuwa daga layin mata ta ce da ƙarfi, "Faɗa masa gaskiya, 'yar nan!" Minti ashirin da biyu muka yi, ba wanda ya motsa daga kujerarsa. Da jarrabawar zango ta zo, yaran da suka kalla ma, ba waɗanda suka yi kaɗai ba, sun amsa tambayar halayen Hayatu da hujjoji daga abin da suka gani.

Akwai wurin da ke da ƙaya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Waɗannan wasanni suna maganar giya da caca da karuwanci da dukan mata, domin abin da marubutan suka gani ke nan yana rusa gidaje. Wasu iyaye, da gaskiyarsu, ba sa son a ce ɗansu ne ya fito a mashayi. Ni ban taɓa kawo kwalba ko karta kan dandamali ba, ban kuma yarda namiji ya taɓa mace ba. Ana nuna ɓarnar ne daga ɓangaren wanda ta faɗa wa: matar da ke jira, uban da aka kawo wa ƙara, bashin da ya biyo mutum har ƙofar gida. Wannan ya fi ratsa zuciya ma. Kuma kafin ranar taro nakan gayyaci iyaye biyu ko uku da malamin addinin makarantar su ga gwajin ƙarshe. Sau ɗaya wani uba ya ce a cire wata kalma, na duba na ga yana da gaskiya a gaban ƙananan yara, muka tsallake layin gaba ɗaya maimakon mu musanya shi da namu. Abin da nake roƙon 'yan'uwana su guje masa shi ne liƙa wa wasan dogon wa'azi a ƙarshe. Idan yara sun taka shi da kyau, 'yan kallo sun riga sun ji abin da ya kamata su ji.

Wani abokin aikina da nake ganin girmansa ya taɓa ce mini datse littafin magabata rashin ladabi ne. Na fahimci kishinsa, amma magabatan da kansu ba su ɗauki abin haka ba. Shaihu Umar ƙagaggen labari ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, sai Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, kuma ba wanda ya ce sun ci mutuncinsa. Ibrahim Yaro Yahaya ya ɗauko wasan Shakespeare ya juya shi zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Ban da haka, ɗan Bahaushe ya san gajeren wasa tun kafin ya shiga aji. Wane ne a cikinmu bai yi tashe ba idan azumi ya kai goma? Minti uku a ƙofar gida, an yi tsoho da gemu, an yi dariya, an ba da hatsi ko kwabo, an wuce gaba. Yaranmu na yau ma ga su nan suna kwaikwayon 'yan fim a waya. Gwanintar tana nan, abin takawa ne ba mu ba su ba.

Saboda haka ina da roƙo. Sassan koyar da Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da masanan da suka yi nazarin waɗannan littattafai ciki da bai. Da za su haɗa kai da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda ya buga da yawa daga cikinsu, da kuma iyalan marubutan, a fitar da ɗan littafi mai gajerun wasanni biyar ko shida na minti ashirin ashirin, da izini da sunan kowane marubuci a kai, da an sauke wa malamin ƙauye babban nauyi. Shugabannin makarantu kuma, don Allah a sa wasan yara kafin jawabai su cinye safiya, ba bayansu ba.

Zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina za mu taɓa, wanda aka buga a 1979, domin mai kuɗin da ke yaudarar 'yar makaranta har gobe yana tsayawa da mota a bakin ƙofar makarantunmu. 'Yan matan aji shida ne suka zaɓe shi da kansu, har sun fara gardamar wadda za ta sa babbar riga. Idan akwai malamin da ya taɓa taƙaita shi, ina roƙon ya rubuto ta wannan shafi ya faɗi fitowar da ya ɗauka da wadda ya bari, mu gwada da namu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Malamin Hausa,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.