A Rage wa Ƙaramin Yatsa Wahala a Kan Maɓallan Kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu yini suna buga rubutu a kwamfuta game da yadda suke danna maɓallan Shift da Ctrl da Alt, waɗanda sai an riƙe su an haɗa da wani harafi sannan su yi aiki.

Yawancinmu da hannu ɗaya muke yin duka biyun. Ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwashe zuwa kusurwar ƙasa ya danne Ctrl, manuniya ta miƙe ta kamo C ko V, wuyan hannu kuma ya karkace gefe. Mai kwafewa da liƙawa daga safe har yamma yana maimaita wannan murɗiya sau ɗaruruwa, alhali ƙaramin yatsa ne mafi rauni a hannu. Ni kaina na daɗe ina fama da zogi daga wuyan hannu har gwiwa kafin in gano inda gizo ke saƙa.

Ba banza aka sa Shift biyu a allon maɓallan ba, ɗaya a kowane gefe. Ƙa'idar da aka koyar tun zamanin tafireta ita ce, idan harafin yana ɓangaren hagu a riƙe Shift da hannun dama, idan yana dama a riƙe da hagu. Haka ya kamata a yi wa Ctrl.

Na san za a ce hannun dama yana kan linzamin kwamfuta (mouse). To, akwai mafita. A allon kwamfutar IBM ta 1981, Ctrl yana daf da harafin A ne, inda yatsa ke kai masa ba tare da lanƙwasa ba. Sai a tsakiyar shekarun 1980 Caps Lock, maɓallin kulle manyan baƙaƙe wanda da wuya a buƙace shi, ya gaje wurin. Ana iya mayar da Caps Lock ya zama Ctrl daga saitin Mac, ko da manhajar PowerToys a Windows. Wanda bai son taɓa saiti ya danna Shift sau 5 a jere a Windows, ya amince a kunna Sticky Keys, daga nan zai riƙa danna Ctrl ya saki, sannan ya danna harafin.

Makon farko hannu zai yi ta komawa tsohuwar hanya, saurin rubutu ma zai ragu. Wanda kuwa yatsunsa suka fara mutuwa ko sagewa da dare, ya je ya ga likita.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu