Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Asalin Duwatsun Kalambaina

Assalamu alaikum, Malam.

A taron malaman kimiyya ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni yadda aka yi ɗalibanka suke tsintar ƙwanson halittun teku a cikin farin dutsen Kalambaina da ke kusa da Sakkwato, alhali tsakanin Sakkwato da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci. Lokaci bai bar ni na amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Amsar ita ce teku ya taɓa kwanciya a wurin. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya ratsa inda hamadar Sahara take a yau, ya mamaye yankin Sakkwato da wani sashe na Nijar. Halittu masu ƙwanso suka rayu a cikinsa, suna mutuwa ƙwansonsu yana nutsewa ƙasa, wani bisa wani, har nauyin na sama ya danne na ƙasa, ma'adinan da ke narke a cikin ruwa kuma suka liƙe su suka zama dutse. Wannan dutsen ne ake haƙa domin yin siminti a Kalambaina, irinsa kuma ake haƙa a Malbaza ta Nijar. Kwal ma daga abu mai rai ya samu, sai dai shi tsirran fadama ne da aka binne kafin su gama ruɓewa, kamar wanda aka gano a Inugu a 1909.

Sai dai mafi yawan duwatsu masu hawa-hawa, wato waɗanda suke taruwa wani bisa wani kamar na Kalambaina, daga ɓurɓushin tsofaffin duwatsu suke samuwa, kuma nan nake so ka tsaya da ɗalibai sosai. Rana da ruwan sama suna farfasa dutse, kogi ya kwashi abin da ya zaizaye, kuma duk inda gudunsa ya ragu sai ya fara sauke kaya: tsakuwa tukuna, sannan yashi, laka kuwa ba ta kwanciya sai ruwa ya natsu. Saboda haka girman ƙwayar dutse yana nuna irin ruwan da ya ajiye shi. Dutsen yashi na Bima a Gombe koguna ne suka tara shi, dutsen laka na Dange kuwa a ƙarƙashin ruwa mai natsuwa ya kwanta. Idan ba a birkita su ba, hawan da ke ƙasa ya girmi na sama, kamar tabarmin da aka jibga ɗaya bayan ɗaya. Dutsen yashi yana da ƙananan kafofi da ke riƙe ruwa, shi ya sa rijiyoyin burtsatse da yawa a Kebbi da Sakkwato suke dogara da shi.

Akwai kuma waɗanda ƙafewar ruwa ke bari, wato gishiri da jifsam (wani farin ma'adini mai laushi), kuma wanda ya ga yadda ake samun gishiri a Bilma ya riga ya ga mafarinsu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace waɗannan rabe-raben daga allo, ba tare da sun taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Ina roƙonka ka sa su kawo abin da suka tsinta cikin aji, ka ɗiga ruwan lemon tsami a kan farin dutsen su ga yana kumfa, sannan ka ɗiga a kan dutsen yashi su kwatanta.

Wassalam.