Rahoton Ayyukan Shekara: Zauren Hira, Imel da Kuɗin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, bayanansu na ajiye ga mai so.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne inda ake yanke hukunci kan manhajarmu. Kun san yadda rigimar ta faro: mutum uku su haɗu a zauren hira cikin dare, su sauya tsarin aiki, wanda ke wata nahiyar ya farka ya tarar an gama. Da aka nemi hirar daga baya ba a gan ta ba, domin Slack na kyauta, inda zauren hirarmu yake, yana ɓoye saƙon da ya wuce kwana 90. Shi ya sa muka ari ƙa'idar gidauniyar Apache mai kula da manhajojin kyauta, wadda aka kafa a 1999: abin da bai shiga imel ɗin kowa da kowa ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Kowace shawara ta zauna awa 72, a jefa ƙuri'ar +1 (na yarda), 0 (ba ruwana) ko -1 (ban yarda ba), mai -1 kuma ya faɗi dalilinsa. Ban taɓa cewa a rufe zauren hira ba, kamar yadda wasu ke yaɗawa. A can sabon shiga ke sakewa ya yi tambaya. Hukunci kawai muka ɗauke daga can.

Ranar gyaran kurakurai kuwa sai godiya ga Allah. Tun safe zauren ya cika, tsofaffin hannu suna riƙe da sababbi, wasu ranar suka fara tura gyara a rayuwarsu. Kuskuren nan na shigar da manhaja da ya daɗe yana ba mu kunya, wata sabuwar mamba ce ta gano bakin zarensa. Da yamma aka taƙaita komai cikin imel guda, aka buɗe ƙuri'ar fitar da sabon zubi, bayan kwana uku ta wuce ba ko -1 ɗaya. Waɗanda suka ce imel zai kashe mana gwiwa, ranar su ma sun jefa ƙuri'a.

Mayar da zauren hira kan Matrix, tsarin hira da za mu iya ɗorawa a kan sabar (uwar kwamfuta) tamu, bai yiwu ba, kuma kada a ɗora wa kwamiti. Mun ga yadda ayyuka da dama suka kwashe daga dandalin hira na Freenode zuwa na Libera.Chat a 2021, muka ce gara mu mallaki sabar tamu. Sabar kuɗi take ci, asusu kuwa ba kowa ya zuba ba. Wanda ya ɗauki nauyin saita ta ma ya yi shiru tun tsakiyar shekara.

Na gaji da bin mutane. Akwai masu kwana a zauren hira suna kushe kowane hukunci, amma ba su taɓa jefa ƙuri'a ba, ba su biya ko na wata ɗaya ba. Ma'aji zai tura wa kowa abin da ake bin sa ta imel a makon nan. Wanda bai biya ba kafin babban taro, za a kawo batun ƙuri'arsa gaban mambobi.

Sakataren ƙungiya