Sarƙar ƙarfe da kwalta ba sa shiri

Malam Edita, assalamu alaikum.

A watan Yunin 2025 na kalli faretin sojojin Amurka a Washinton a waya ta, tankokin yaƙi na Abrams masu nauyin tan sama da 60 suna bin titi, amma kafin nan sai da aka shimfiɗa faranta na ƙarfe a wuraren da za su yi kwana, ga kuma roba a jikin sarƙar, duk don kar kwalta ta lalace.

To mu fa nan Kumasi? Ba tanka ba ma, katafila ce wani ɗan kwangila ya koro a kan sabon titin layinmu da rana tsaka, kwalta ta yi laushi saboda zafi, inda ta juya wallahi sai da ta ɗaye kamar ɓawon doya. Ruwan sama ya shiga sawun, yanzu rami ne, jiya ma wani mai babur ya faɗi da buhun gawayinsa a wurin.

Don Allah hukuma ta tilasta a riƙa ɗora duk mai sarƙa a kan tirela, wanda ya ƙi ya biya gyaran.

Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi