Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Uwar Da Ta Tambaya Ko Ta Ƙwace Wayar 'Yarta

Assalamu alaikum, Hajiya.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kin bugo waya kina tambaya ko ya dace ki ƙwace wayar 'yarki mai shekara 14, tunda ta fara raba dare a TikTok, sai lokaci ya ƙure kafin in ba ki cikakkiyar amsa.

Shawarata ita ce kada ki ƙwace, domin yarinyar da aka raba da wayarta takan ari ta ƙawarta a makaranta, inda idonki ba ya kaiwa. Ki fara da duba ranar haihuwar da aka sa a asusunta na TikTok. TikTok ba ya barin 'yan ƙasa da shekara 16 su yi musayar saƙon sirri, sai dai yara kan ƙara wa kansu shekaru, kuma mai shagon cajin da ya buɗe musu asusun ba ruwansa da wannan. Daga nan ku haɗa asusunta da naki ta tsarin Family Pairing, wanda zai ba ki damar ƙayyade lokacin da take ɓatawa, kuma ki yi hakan a gabanta, ba a ɓoye ba.

Amma raba dare bai dame ni ba kamar baƙon da ke lallaɓowa da daɗin baki. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici, sannan su yi barazanar watsa shi idan ba a biya su ba. Irin waɗannan mutane da tsoron da yaro yake yi wa iyayensa suke cin kasuwa, shi ya sa yarinya kan gwammace ta saci kuɗin cefane ta tura da ta buɗe baki a gida.

Don haka ki gaya mata tun yanzu, da bakinki, cewa duk ranar da wani ya tsorata ta ta zo wurinki, kuma ba za ta sha duka ba. Idan hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a biya ko sisi, domin mai barazana ba ya ƙoshi, kada kuma a goge saƙonnin. A ɗauki hoton saƙonnin a kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Maganar dare kuwa mai sauƙi ce: bayan sallar isha'i wayar ta kwana a ɗakinki.

Wassalam.