Soja a Unguwa

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Hajiya da yara? Ya sanyin Kano?

Na karanta wasiƙarka, inda kake cewa tunda galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba a nan Ghana, ya cinye mana koguna, sai shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci, a saki soja kowa ya huta. Wallahi na fahimce ka. Da ka ga ruwan Ofin da Pra yau, sai ka rantse koko aka dama. Mutane da yawa a nan ma haka suke faɗa, ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi hakan a 2024.

Amma ni abin da ya faru a garin Ejura ne ya hana ni amsa amin. A Yunin 2021, bayan an kashe Kaaka, wani ɗan gwagwarmaya na garin, matasa suka fito zanga-zanga ranar da aka binne shi. Soja suka iso, suka buɗe wuta, mutum biyu suka kwanta dama. 'Yan zango ne irinmu, Alhaji. Har yau in na ga motar soja a kasuwar Kejetia sai gabana ya faɗi. Kuma ka lura, ba a ayyana wata dokar ta-ɓaci ba ranar. Kira kawai aka yi, suka zo. Haka aka yi a Ashaiman, kusa da Accra, a Maris 2023, da aka kashe wani soja, aka shiga unguwa da asuba ana dukan wanda bai ji ba bai gani ba.

Tsarin mulkinmu na 1992 ya ɗaure hannun shugaba. Sashe na 31 ya ce sai da shawarar Majalisar Ƙasa, wato majalisar masu ba shi shawara, zai ayyana dokar, sannan ya kai wa majalisar dokoki, in ba ta amince ba dokar ta mutu bayan kwana 7. To in har ba tare da an ayyana dokar ba an yi Ejura, me za a yi in an ba su takarda a hannu? Ku ma kun ga dokar ta-ɓaci a jihar Ribas a Maris 2025, da Tinubu ya dakatar da Gwamna Fubara wata 6, ya ɗora tsohon sojan ruwa.

Masu injinan tono ba sa kwana a bakin kogi. Yaran talakawa ne a cikin rami, su harsashi zai samu. Ni dai a kama masu kuɗin, a kai su kotu.

Ka gaida Malam, ka ce ya sa mu a addu'a. Goron da na alkawarta yana nan tafe.

Naka,
Amininka