Ruwan famfo daga gona yake fara lalacewa

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan ruwan shan birane, amma daga can sama, daga gonakin da ruwan ke ratsawa kafin ya isa madatsa.

Ni manomi ne. Na sha ganin mai feshi ya gama aiki ya gangara rafi ya ɗauraye tankinsa, ruwan ya yi fari fat ya bi kwari ya wuce. Na ga an watsa takin zamani da yamma, da dare aka tafka ruwa, kafin safiya takin ya gangara rafi. Ba mugunta ba ce. Babu wanda ya taɓa zaunar da bawan Allah ya faɗa masa cewa wannan ruwan ne za a ba jaririn wani a gari.

Jama'a na ɗauka in an zuba kulorin shi ke nan. Kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya taɓa sinadarin nitret da taki ke bari, tafasawa ma ƙara yawansa take yi a ruwan da ya rage. Saboda jarirai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada nitret ya wuce miligiram 50 a kowace litar ruwan sha. A garin Walkerton na Kanada kuwa, a 2000, ruwan sama ya kai ƙwayoyin cuta daga kashin shanu cikin rijiyar gari, mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta.

Birnin New York na Amurka ya bi hanyar da ta kwanta min a rai. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da mazauna yankin Catskill, inda mafi yawan ruwansa ke fitowa, yana kashe kuɗi wajen katange rafuka daga shanu da gina ma'ajiyar taki. Da haka ya huta da gina matatar biliyoyin daloli domin tace ruwan wannan yankin.

Roƙona ga hukumomin ruwa shi ne su fito daga ofis su zo gona. Manomin da aka ce ya bar bakin rafi ga ciyawa da bishiyoyi amfanin gonarsa ya ragu, a biya shi. A yi wa dabbobi wurin shan ruwa nesa da rafi. Ni dai a shirye nake in bar kunyoyina na bakin ruwa ranar da aka zo aka zauna da ni.

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarka